Sawun Kwalaben Madam Kindness

Ranar Juma'a da la'asar aka buɗe ɗakin sanyi na kantin Madam Kindness a Wuse, aka tarar da ɓangare guda wayam. Tsohuwar giyar inabi ta Faransa, wadda matar ta jima tana tattali kamar ƙwai a cokali, akwati-akwati, ko ɗaya babu. Ba a ɓalle ƙofa ba, kwaɗo lafiyarsa ƙalau. Ga shi washegari ne babban taron ɗanɗano, har wani Bafaranshe daga gonar da ake matse inabin ya sauka a garin dominsa.

Taron ɗanɗano, ga wanda bai taɓa gani ba, sha'ani ne na masu hali. A jera kofunan gilashi, a zuba wa kowa ɗan kaɗan, ya kaɗa, ya shinshina, ya kurɓa, ya juya a baki, sannan ya tofar a bokiti. A nan manyan otal da masu kuɗi ke zaɓar abin da za su saya. Kasuwar shekara guda, a yammaci ɗaya ake ƙulla ta.

Ma'aikatan kantin ba su wahalar da kansu wajen neman ɓarawo ba. Direban motar kanti, Usaini, shi aka ba makullin ɗakin da safen nan don ya kwaso kofuna, shi ne kuma ya ɓace da rana tsaka ya ce masallaci ya tafi. Kafin magariba yana hannun 'yan sanda.

Da labari ya isa Jiwa, unguwar su Usaini, ba satar ce ta fi tayar da hankalin mutane ba. Usaini ya gaya wa kowa ruwan roba yake rarrabawa. A teburin mai shayi aka yanke masa hukunci: wanda ya iya dakon giya yana yi wa ubansa ƙarya, sata ai ƙaramin alhaki ce. Malam Abdulrauf, limamin unguwar, ya ce yana tausayin tsohon, amma ba zai sa fuskarsa a maganar barasa ba. 'Yan sanda kuwa sun ce beli sai da babban ma'aikacin gwamnati. Wa ya san wani babban ma'aikaci a layinsu?

Tsohon shi ne Yamusa, mahaifin Usaini, mai bin sawu. A zamanin ƙuruciyarsa, in aka kore wa Bafulatani shanu, shi ake ɗauka a babur a kai shi bakin garke, ya durƙusa ya karanta ƙasa, ya bi har tsaunukan Nasarawa. Yanzu kwalta ta haɗiye burtali, ido kuma ya fara hazo. 'Ya'ya biyu Allah ya ba shi, tagwaye, dukansu da ciwon sikila. Hassan ya rasu yana yaro, a wata damina, sanyi ya shige shi kafin a kai asibiti ya cika. Usaini kaɗai ya rage. Yanzu ma damina ce.

Ya tarar da Usaini a sel ɗin 'yan sanda, zaune a kan siminti, an karɓe masa riga. Yamusa ya taho da magana fal cikinsa, ya kuma fara zubar da ita. Ya ce da ya san abin da ake ciyar da shi da shi ke nan, da ya gwammace ya kwana da yunwa. Ya ce ya fito tukuna, sannan a zauna a san ko shi ɗansa ne. Usaini bai ɗaga kai ba. Da ya ɗaga, sai tsohon ya ga idon ya fara zama ruwan ɗorawa, ya ga yadda yake matse gwiwa da hannu biyu. Ya san wannan riƙon.

“Baba, na yi dakon giya, wannan gaskiya ne. Amma ban sata ba. Makullin mota a ofis na rataye na tafi Juma'a.”

Wa ya gan shi a masallaci? Babu. Masallacin birni ne, kowa baƙo.

Mai riƙe da maganar wata mace ce, Sufeto Nabilah, mai kunya amma ba ta da sassauci. Ta ce ranar Litinin za a kai shi kotu, daga nan gidan yari har sai an saurari shari'a, shari'a kuwa ba ta da ranar ƙarewa. Yamusa ya gaya mata ciwon yaron. Ta ce kowane uba da ya tsaya a inda yake tsaye, da ciwon da yake kawowa. Ta bar shi ya shigar da bargo da ruwan zafi. Da ya roƙi ganin motar, ta ɗaga kafaɗa ta nuna masa bayan ofis.

Kwalta ba ta riƙe sawu, amma mota tana ɗauke da inda ta je. Yamusa ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashinta. Ya kankaro laka daga bayan taya ya murza a yatsa. Ja ce, ta cakuɗe da baƙin mai, ga kashin shanu bai gama bushewa ba, ga ganyen tofa a maƙale a ƙarfe. Wuri ɗaya ya sani inda kwatar makanikai ke gangarawa ta haɗu da hanyar shanu: bayan garejojin Apo.

Ya gaya wa Sufeto da murnarsa. Ita kuwa ta dube shi da tausayi. Ta ce ai Usaini ne ke kai motar gyara Apo, abokansa ma can suke, kuma dama tana zargin can aka sayar da kayan. Wato da hannunsa ya ƙara wa ɗansa igiya.

Daga nan ya nufi kantin. Madam Kindness 'yar Jos ce, Hausarta tsaf, idonta ya kumbura. An soke taro, Bafaranshe ya koma otal yana fushi, sunan da ta yi shekaru tana ginawa ya zube. Ta ce ita ta ɗauki Usaini bayan azumin da ya wuce saboda natsuwarsa, ga abin da ya saka mata da shi. A cikin magana Yamusa ya ji wani abin da ya ba shi mamaki: ita kanta ba ta sha. Dattijuwa ce a cocinsu, ciniki kawai take yi. Harshen kantin gaba ɗaya mutum ɗaya ne, Marvel, wanda ta biya masa ya koyo aikin a waje. Shi ke ɗanɗanawa, shi ke cewa wannan ta yi wannan ba ta yi ba.

Marvel matashi ne mai tsabta, ƙamshi na tashi a jikinsa, Hausarsa ta kasuwa. Ya kawo wa tsohon kujera, ya ce Usaini yaro mai kyau ne, amma Abuja yana lalata mutum. Ya ce shi lokacin yana wajen masu buga katin gayyata. Ya ƙara da cewa in shi ne Baba, maigadi zai tambaya, don Thaddeus yana da hannu mai ɗan tsawo.

Yamusa ya ɓata sauran yinin a kan Thaddeus. Mutumin Kafanchan ne, tsohon soja, kuma tun daga gaisuwa ya fara kame-kame. Ya ce bai bar bakin ƙofa ba, sannan ya ce ya ɗan zagaya, sannan ya ce ciki ne ya murɗa masa. Tsohon ya bi sawun takalminsa mai faci a dunduniya, daga ɗakin gadi ta bayan katanga, sai ga shi ya ƙare a shagon masu cacar ƙwallo. Abin da yake ɓoyewa ke nan. Da ya ga asiri ya tonu, ya faɗi gaskiya: ya bar ƙofa a buɗe ya tafi, da ya dawo mota ba ta nan, can kuma ta dawo yana cin abinci, bai ɗaga kai ya ga direba ba. Ba ɓarawo ba ne, rago ne kawai. Yini ya tafi a banza. Da Yamusa ya biya ta ofishin 'yan sanda, daga bakin kantar ofishin yana jin nishin ɗansa.

Washegari da sassafe yana Apo. Makanikai suka yi ta yi masa dariya, wani ya ce Baba in giya kake nema ai ba sai ka yi dabara ba. Babu wanda ya ga an sauke kaya. Ya bar su ya bi kwatar baƙin mai, ta gangara bayan garejoji, ta ratsa tofa, har inda sawun shanu ya yanke ta. Ruwan sama ya wanke rabin abin da yake nema, amma inda taya ta nutse tana juyawa bai goge ba.

Yana durƙushe wata Bafulatana mai tallan nono ta tsaya a kansa. Sunanta Dada, rugarsu na bayan tudun. Da ta ji abin da yake nema, sai ta sauke ƙwarya ta hau faɗa. Ta ce in ya san mai farar motar nan ya gaya masa Allah ya isa. Ranar Juma'a ya zo ya tsiyaye wani jan ruwa a kwari, maraƙinta ya sha, ya wuni yana tangaɗi yana tunkuyar uwarsa. Fuska ba ta gani ba, daga nesa take. Abin da ta gani, mutumin bai yi gaggawa ba. Ɗaya bayan ɗaya yake buɗewa, ya zubar, ya mayar da kwalba cikin akwati kamar mai kwantar da jariri.

Yamusa ya sauka kwarin. Ƙasa ta yi baƙi-baƙi, ƙudaje na bi, tsami na tashi. Ya tsaya yana tunani. Ɓarawo ba ya zubar da abin da ya sato. Mai ƙin giya don Allah kuwa fasawa zai yi, ba zai tsaya lallaɓa kwalba ba.

A cikin ciyawa ya tsinci matosai, wato ɓawon itacen nan mai taushi da ake cusa wa kwalbar a baki, da 'yan hulunan dalma da ake rufe su da shi, kowace an yanke ta zagaye, tsaf. Ya ɗaga matoshi ɗaya ya kai shi kusa da ido. Da wani ƙarfe mai murɗe ake huda shi a zaro, ya ga irinsa a kanti. To huda biyu ce a jiki. Ɗaya fara, bakinta a buɗe, ta kwanan nan. Ɗayar ta yi duhu, ta tsuke, ta daɗe. Ya ɗauki wani, haka. Wani ma haka. Duk wanda ya taɓa bin garke ya san sawun jiya da na watan jiya.

An taɓa buɗe kwalaben nan tun tuni, an kwashe na ciki, an zuba wani abu, an mayar da matoshi, an sa sabuwar hula. Masu saye suna shan suna ne, ba su sani ba. Amma Bafaranshen da ya matse inabin da hannunsa, kurɓa ɗaya ta ishe shi. Ba don a sayar aka kwashe kayan ba, don kada a buɗe su a gabansa ne.

Ya san kuma wannan ba zai fitar da Usaini ba. Maganar uba ce a kan ɗansa, da tarkacen da ya tsinto a juji. Sai an sami kwalba irin wannan wadda ba a buɗe ba, wadda ta bar kanti tun kafin a ɗauki yaron aiki.

Madam ta ce ko za a yanka ta ba za ta faɗi sunan mai saye ba, don rufin asiri shi ne rabin kasuwarta. Tsohon ya koma kan Thaddeus. Maigadin ya yi ta susar ƙeya, amma kunyar ƙofar da ya bari a buɗe ta ci shi. Ya ce akwai waɗanda ba sa shigowa ta gaba. Su ajiye mota a gaban kantin magani, su zagayo ta baya, a kai musu kaya gida a kwalin madara. Cikinsu akwai wani oga Fu'ad, darakta a wata ma'aikata, wanda tara kwalabe yake yi ba ya gaggawar sha. A taron Kirsimeti Madam da kanta ta ba shi kyautar kwalba irin waɗanda suka ɓace, da jan ƙyalle a wuya.

Gidan Fu'ad babba ne, daga waje ana jin yara suna biya karatun Islamiyya. Ya fito da jallabiya, ya gaida tsohon da ladabi, har ya sa hannu a aljihu. Da ya ji abin da ya kawo shi, fuskarsa ta canja. Ya ce an yi kuskuren gida. Yamusa ya cire hula, ya durƙusa a kan tayil, ya ba shi labarin Hassan, ya ba shi na Usaini. Fu'ad ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya juya.

Sai tsohon ya miƙe ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa ya zauna. Ya ce shi ba zai faɗi komai ba sai in an tambaye shi, amma maƙwabta za su wuce masallaci, kuma shi bai iya ƙarya ba.

“Baba, barazana kake yi mini?”

“Roƙo nake yi, ranka ya daɗe. Ya ƙi karɓuwa ne.”

A rayuwarsa ya ga asirin mutane da yawa a ƙasa, bai taɓa cin abinci da ko ɗaya ba. Ya ji ƙyamar kansa, amma bai tashi ba. Can Fu'ad ya dawo da abu naɗe a jarida, ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. Ya ce in sunansa ya fito, sai ya ga bayansu duka. Yamusa ya cusa kwalbar a ƙarƙashin babbar rigarsa, ya riƙe ta a ƙirji har cikin bas. Bai taɓa hular dalmar ba. In wannan ta bar kanti kafin a fara ha'incin, to shi ke nan, ba shi da sauran dabara.

Litinin da safe, kafin motar kotu ta tashi, Sufeto Nabilah ta yarda ta biyo shi kanti. Ba don ta gamsu ba, sai don ta kwana tana jin nishin yaron. Aka taru a ɗakin da aka shirya wa taro, kofuna na nan a jere ba a kwashe ba: Madam, Marvel, Thaddeus, Sufeto da tsohon.

Yamusa ya zazzage matosai a kan farin ƙyallen tebur, ya faɗi inda ya samo su, ya nuna huda biyu. Marvel ya yi murmushi. Ya ce ai wannan shi ke nuna Usaini ne, don wanda bai iya ba sai ya soka sau biyu kafin ya zare. Batun tsohuwar huda da sabuwa kuwa, ya ce, ko shi ne ke da ɗa a sel, zai ga abin da yake so ya gani. Sufeto ta kalli agogo.

Tsohon ya zaro kwalbar daga rigarsa ya ajiye.

Madam ta ga jan ƙyallen, ta dube shi da sauri. Ya girgiza kai, ta gane, ba ta ambaci suna ba. Ta gaya wa Sufeto ɗaurin hannunta ne, tun Kirsimeti ta bayar, lokacin ko sanin Usaini ba ta yi ba. Marvel ya fito da ƙarfensa daga aljihu ya ce a kawo ya buɗe ya ɗanɗana, a huta.

“Ba sha za a yi ba,” in ji Yamusa. “Madam, ki cire mata hula kawai. Da hannunki.”

Ta ɗauki ƙaramar wuƙa. Ta yanke dalmar a karkace, ta ɓare. Yamusa ya kasa dubawa, ya zuba wa fuskar Sufeto ido. Ya ga ta sunkuya, ta daɗe a sunkuye.

A tsakiyar matoshin da ake zaton ƙarfe bai taɓa ba tukuna, ga huda nan, baƙa, a tsuke.

Madam ta juya wajen Marvel a hankali. Ta ce a lokacin Kirsimeti makullin ɗakin sanyi biyu ne, ɗaya a jakarta, ɗaya a aljihun wanda ta tura karatu da kuɗinta. Ta ce kuma ita ba ta taɓa ba direba makulli ba, wa ya ba shi ranar Juma'a? Marvel ya fara magana da Turanci, da sauri, a kan kamfani da jirgin ruwa da zafin Legas. Yana cikin yi ya kai hannu ya ture kwalbar. Ta daki gefen tebur ta fashe, jan ruwan ya wanke wa Yamusa gaban riga. Amma wuyan ya gangara gaban Sufeto da matoshinsa a ciki, ta sa takalmi ta tare. Thaddeus kuwa, karon farko a aikinsa, yana tsaye a bakin ƙofa.

Yamusa bai jira ya ji inda aka ɓoye kwalaben ba, ko otal ɗin da aka sayar wa ta gaskiyar. Madam na kiransa tana cewa a yi haƙuri, bai waiga ba. Ya riga Sufeto isa mota.

Da aka buɗe sel, Usaini na kwance a dunƙule cikin bargo, leɓe ya bushe, ya kasa miƙe ƙafa. Wani ɗan sanda ya ce a jira a nemo abin ɗauka. Tsohon ya tsuguna, ya juya baya, ya ce a ɗora masa shi. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya dafa bango ya miƙe. Sufeto ta wuce gaba tana cewa direba ya juya motar zuwa asibiti.

Suna ratsa tsakar ofishin, kan yaron a kafaɗarsa, ya ji numfashinsa da zafi a wuya.

“Baba, mene ne ke wari a rigarka?”

“Kayan aikinku ne,” in ji Yamusa. “Riƙe ni da kyau.”